Jinin Mamman a Hanyar Sakkwato

Samarin da ke zama a bencin ƙofar shagona a Yelwa suna ganin sana'ata ba ta wuce ɗaukar kular ƙanƙara a shiga mota ba. Wani ya taɓa ce mini, yana dariya, ni ɗan aike ne mai babbar riga. Ban musa masa ba. Kayan ɗakin gwajin jini nake sayarwa: kwalabe, sirinji, safar hannu, ruwan gwaji iri-iri. Idan kuma likita ya ɗebi jinin da ba a iya aunawa a nan, ni ke kai shi inda za a auna. Aike ne. Sai dai abin da ake aikena da shi yana mutuwa a hanya in mai ɗauka bai san shi ba, kuma in ya mutu ba ya wari balle a gane.

Da tallan auduga da bandeji na fara, a kan tire, ina bin kemis-kemis daga Yelwa har Wara ranar kasuwa. Wanda ya mai da ni ɗan sana'a wani dattijo ne, Baba Ishaya, Bakambare daga ƙasar Ngaski. Ya yi aikin ɗakin gwaji har ya yi ritaya, ya buɗe nasa ɗan ƙarami a bayan tasha. Rannan na kai masa auduga, ya ga na tsaya ina leƙen abin da yake yi, ya ce in zan leƙa to in leƙa da amfani, ya miƙo mini bokitin kwalabe in wanke. Na daɗe ina wankin kwalabe kafin ya yarda in taɓa mai jini a ciki.

A wurinsa na san cewa murfin kwalba magana ce. Mai jan murfi jini na daskarewa a cikinta, mai murfi shunayya akwai maganin da ke hana shi daskarewa, kuma in ka zuba na wannan a waccan ka yi asarar jinin mutum. Yana da injin juya jini na hannu, wanda ake murzawa kamar na markaɗe. In ka murza har kafaɗarka ta gaji, jinin ya rabu biyu, ja ya kwanta a ƙasa, wani ruwa mai launin ɗorawa ya taso sama. Yawancin gwaje-gwaje wannan ruwan na sama suke so. Ya koya mini jera ƙanƙara a kula: a naɗe ta da tsumma, kwalba ta zauna a tsakiya a tsaye, sanyi ya kewaye ta, kada ta kwanta, kada a yi ta buɗe murfi ana dubawa. Abin da ya fi yawan faɗa shi ne inji ba shi da kunya. Ko me ka zuba masa zai fito maka da lamba, ko da ruwan kunu ne. Allah ya saka wa Baba Ishaya. Ranar Lahadi yakan tafi coci ya bar mini makullin, ni kuma ranar Juma'a shi ke tuna mini lokacin masallaci ya yi.

Da na tsaya da ƙafata, abokan cinikina ƙananan asibitoci ne na Shanga da Dugu da Ngaski da tungayen bakin ruwa. Wasu sai an shiga jirgi ake kai musu kaya. Akwai mai kirki da zai ce ka kawo mai kyau ko da tsada. Akwai wanda zai ja ka gefe ya tambaya ko kana da tsinken gwajin da ya kusa lalacewa, a rage masa. Irin wannan nakan gaishe shi da kyau, in tambayi iyali, in wuce. Ba tsoron Allah kaɗai ba ne, har da lissafi. Garin nan ƙarami ne. Ranar da tsinkenka ya ce mace ba ta da ciwo alhali tana da shi, sunanka za a kira, ba na kamfani ba.

Shekarar da ta fi ba ni wuya ita ce wadda aka kwashe ɗalibai a Birnin Yauri. Direbobi suka daina tafiya da zarar la'asar ta yi. Ma'aikatan asibitocin ƙauye suka gudo gari, aka kulle ƙofofi. Ga wuta ta ɗauke ta daɗe ba ta dawo ba, mu da ke zaune a bakin ruwan da ake yi wa ƙasa wuta da shi. Janareta ya yi abin da zai iya ya mutu. Na buɗe firji wata safiya na tarar ruwan gwajin da na tara ya yi ɗumi kamar shayi. A ido lafiyarsa lau, da na so da na sayar. Na haƙa rami a bayan shago na binne. Wata Hajiya mai sayar da ƙanƙara ga masu kifi ita ta ba ni kusurwa a firjinta, kayana na gefe guda, kifin ragon ruwa da karfasa na gefe guda, har na samu na haɗa sola. Ban manta mata ba.

A ƙarshen daminar wannan shekarar aikin da nake son ba ku labarinsa ya zo. Wata likitar yara, Dakta Rahila, ta kira ni asibiti. Ta nuna mini wani yaro a kan gado, Mamman, ɗan Sarkawa daga wata tunga a hayin ruwa. Bai kai shekara goma ba. Ciki ya kumbura ya yi ƙyalli, hannaye sun rame, idanu sun yi ɗorawa. Ciwon hanta ne da ya daɗe yana cinsa. Abin da ya dame ta hakin da yake yi, ko zama ya yi kamar wanda ya yi gudu. Ta ce hanta in ta daɗe da ciwo takan gajiyar da zuciya a ɓoye, har a saurara da abin kunne a ji kamar ba komai. Injin hoton zuciyar yara babu shi a nan. Amma akwai wani sinadari da zuciya ke zubawa cikin jini idan ta wahala, kuma akwai ɗakin gwaji a Sakkwato da ke iya auna shi. In ya yi yawa, dole a kai yaron can wurin likitocin zuciya. Ta gargaɗe ni cewa wannan sinadarin ba ya jure zafi, narkewa yake yi.

Matsalar ita ce uban yaron, Manu. Ya gaji da zaman asibiti, ruwa ya kawo kifi, 'yan'uwansa na can suna su. Ya riga ya ce ranar kasuwa in jiragen tungarsu sun zo zai ɗauki ɗansa su koma, a ci gaba da maganin gida. Ba zai je Sakkwato a kan tsammani ba. Dakta ta lallashe shi har ya yarda a ɗebi jini sau ɗaya, in takarda ta ce zuciya ce zai tafi, in ba ta ce ba a sallame su. Kasuwa kuwa saura 'yan kwanaki.

Sai kakar yaron ta sa baki. Inna Kulu, mahaifiyar Manu, tsohuwa mai bandar kifi, gajeriya, muryarta ta dushe da hayaƙi. Ta ce a gidansu jini ba ya tafiya shi kaɗai a hannun baƙo. Ta ji labarin abin da ake yi da jinin mutane a birni. In dai jinin maigidanta zai tafi, haka take kiran jikan nata, to ƙafarta ƙafarsa. Na saba da irin wannan tsoron, ban ji haushi ba. Na ce bismilla, kujera ɗaya ce za a ƙara.

Da safe aka ɗebi jinin, aka juya, aka tsiyaye ruwan sama a 'yar kwalba. Ina jera ƙanƙara a kula tana tsaye a kaina.

"Alhaji, mi ke cikin tsumman ga?"

"Ƙanƙara ta, Inna."

"Yaron da sanyi ya kumbura, shi za ka aza ma jininai ƙanƙara?"

A lokacin na fahimci yadda suke ganin ciwon. A wurinsu sanyin ruwa ne ya shige shi. Tun da ya fara kumburi ba a ba shi ruwan randa sai an ɗumama, kuma a gefen banda ake shimfiɗa masa tabarma. Na yi mata bayani cewa haka ake yi wa na kowa. Na ɗauka ta yarda. Ta ce ita za ta riƙe kular a cinyarta, na ga hakan ya fi a cusa ta a but cikin buhunan shinkafa, na miƙa mata.

A Koko mota ta tsaya shan mai, na sauka na miƙa wa wani abokin ciniki kwalin safar hannu. A Jega muka yi azahar. Duk tsawon hanyar tana rungume da kular, ko fura ta ƙi sha. Har na ce a raina da yarana na shago za su riƙe kaya haka da na huta. Muka isa Sakkwato rana ta karkata, muka hau keke zuwa ɗakin gwajin. A kan benci a ƙofar na buɗe kular. Ƙanƙara na nan, tsumma na nan, kwalba babu.

Kafin in buɗe baki Inna ta sa hannu cikin ɗaurin zaninta ta fito da ita. Ta miƙo mini tana murmushi irin na wadda ta ceci rai. Ta ce tun Koko ta ɗauke shi daga cikin wannan azabar. Na karɓa. Kwalbar da ɗumi kamar ƙwan da kaza ta tashi a kai.

To, samari, ga inda sana'ar take. Babu wanda ya gani. Kular na buɗe a gabana. In na mai da kwalbar ciki na ɗan jira, za ta yi sanyi, ma'aikaciya za ta karɓa, inji zai ba da lamba. Amma sinadarin ya riga ya narke a ɗumin jikin tsohuwa, saboda haka lambar za ta fito ƙasa, ta ce zuciya lafiya lau. Dakta ta sallame su, Manu ya sa ɗansa a jirgi da takardar asibiti a aljihu. Gara a ce ba a yi gwajin ba. Na shiga na gaya wa ma'aikaciyar abin da ya faru. Mace ce mai haƙuri. Ta fito da kanta ta durƙusa ta gaida Inna, ta ce wannan jinin ba zai faɗi gaskiya ba, sai an kawo wani. Har ta ja ta ciki ta buɗe mata firji ta nuna mata kwalabe jere, jinin mutane da yawa, manya da yara. Inna ta leƙa, ta ce Allah ya ba masu shi lafiya.

Ba halin komawa ranar. Na kai ta gidan wata 'yar'uwar matata ta kwana, da sassafe muka kamo hanya. Har muka wuce Tambuwal fuskarta a ɗaure take. Ni kuma ina ta juya yadda zan sake tunkarar Manu. Na ce bari in bi ta hanyar sana'arta. Na ce Inna, ke da kika san kifi, ai kin san zafi ke ɓata shi, ƙanƙara ke tsare shi.

"Kihin da kaka gani bisa ƙanƙara matacce na," ta ce. "Jikana shina da rai."

Na juya ina kallon gonakin gero ta taga.

Da muka shiga ɗakin yara Manu na zaune a bakin gado, ya ɗaure kayansu a buhu. Dakta ta riga ta ji labari ta waya, ta kuma gaya masa. Ko gaisuwata bai amsa da kyau ba. Ya ce sau guda muka yi da shi, an ɗiba an zubar, jini nawa ya rage a jikin yaron da za a yi ta kwasa. Gobe jirgi zai zo. Dakta ta fara magana, ya ɗaga mata hannu.

Inna ba ta kula su ba. Ta zauna a gefen yaron, ta taɓa goshinsa, ta taɓa tafin ƙafarsa, ta ɗaga rigar ta duba cikin. Sannan ta tambaye shi, a natse, kamar mai tambayar farashi.

"Maigida, jiya da sahe, bayan mun tahi, ka ji sanyi?"

"Wane sanyi, Inna? Zuhwa nika yi."

"Ko kaɗan? Ko makyarkyata?"

"Babu wuta, panka ba ta yi. Baba ya yi ta yi min hihita."

Ta juya ta tambaye ni daga Yelwa zuwa Koko jinin na cikin ƙanƙarar ko ba ya ciki. Na ce yana ciki, ita ce shaida. Ta sake tambayar yaron ko da rana ya ji wani daɗi na daban, lokacin da jinin ke jikinta. Ya ce shi dai haki yake yi kamar kullum. Matar gadon kusa ta yi dariya, ta ce tsohuwa ta zama likita. Inna ta ce mata ai likitan ma tambaya yake yi.

Manu ɗanta ne na fari, ba ta kiran sunansa, saboda haka bango ta fuskanta ta yi maganar. Ta ce a gaya wa mai buhu ya kwance buhunsa. Jinin farko ita ta ɓata shi, ba likita ba, ba Alhaji ba. Jinin da ya fita ya fita, ba ya jin sanyi ba ya jin zafi, ta auna da kanta ta gani. Za a ɗebi wani, kuma jirgi ya zo ya koma ba su. Manu ya dubi uwarsa. Can ya ce to, amma daga wannan babu wani.

Sharaɗi ɗaya ta kafa mini. Ta ce ta yarda da ƙanƙarar, amma jinin maigidanta ba zai shiga mota tsirara ba, za ta lulluɓe kular da bargonsa. Na ce Inna, ko barguna biyu ne. Ita ma ta san masu ƙanƙara da buhu suke rufe kayansu don kada ta narke, ni ma na sani, babu wanda ya faɗa. Kowa ya samu abin da yake so.

Washegari ranar kasuwa, da safe aka sake ɗibar jinin. Muna fita gari ana sauke kwandunan kifi a bakin ruwa. Wannan karon ma a cinyarta kular ta zauna. A Koko na ce zan sauka in sha ruwa, ta ce in sauka mana, ko ina tsoron ɓarauniya ce. Na sauka. Da muka isa na kwance bargon, ƙanƙarar ko rabi ba ta narke ba, kwalbar na tsaye inda na sa ta. Ma'aikaciyar ta taɓa ta da bayan yatsa, ta dubi Inna, ta ce yau kam an kawo amana.

Muka zauna a benci muna jira. Da sakamakon ya fito ma'aikaciyar ba ta ba mu lamba ba, sai ta kira Dakta a waya, muna ji. Sinadarin ya yi yawa ƙwarai, ba abin da za a yi gardama a kai. Inna ta ce a faɗa mata da Hausa. Ma'aikaciyar ta ce zuciyar yaron ta gaji, ta daɗe tana faɗa babu mai ji, yau jini ya isar da saƙon. Tsohuwa ta gyaɗa kai. Ta tambaya ko da na farkon aka auna me zai ce. Aka ce mata zai ce lafiya lau. Ta rufe bakinta da gefen mayafi, ta yi salati a hankali.

Manu mutum ne mai cika magana. Da Dakta ta karanta masa takardar bai ƙara musu ba. Ya bar wa ƙanensa jirgi da komar kama kifi, ya ce a nuna masa hanya. Likitocin Sakkwato suka yi hoton zuciya, suka tarar yadda jinin ya faɗa, suka canza masa magani, suka hana a yi ta ɗura masa ruwa yadda ake yi a ƙananan asibitoci in yaro ya galabaita. Ba zan ce muku ya warke ba. Hanta na nan da ciwonta, har yau yana zuwa awo. Amma hakin ya lafa, yana tafiya da ƙafarsa daga bakin ruwa zuwa asibiti, kuma da an sa shi a jirgi waccan ranar kasuwar, Dakta ta ce ba ta jin zai ga wata daminar.

Na yi aikin da ya fi wannan kawo riba, na yi wanda ya fi shi nisa. Wannan ne nake tunawa in wani ya ce ɗaukar kula ce kawai. Na gode wa Allah da ya haɗa ni da mutanen da suka koya mini, har da wadda ta ɓata mini aiki ta kuma gyara shi da hankalinta.

Ranar da za a kai Mamman ni na samar musu mota, don direban na san hannunsa, ba ya gudu a ramuka. Ina da kayan da zan karɓo a Sakkwato, sai na bi su. Manu a gaba, ni da Inna a baya, yaron a cinyarta ya jingina da ƙirjinta. Na ɗauko kulata babu komai ciki zan ajiye a ƙafata, ta ce in ba yaron mota ya sa a but, wuri ya yi kaɗan.

"Wanga karon mai jinin da kainai za shi," ta ce. "Shi kau sai ka bar min in ɗumama abuna."

Na ce na bar miki, Inna. Direba ya ta da mota.